Kawuna Mai Jiran Dusar Ƙanƙara

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya a daidai lokacin da itatuwan Washington suke fure, jiragen ƙasa na Metro cike da masu zuwa kallo.

Falon gidansa na Greenbelt, a jihar Maryland, bai taɓa ɗaukar mutane irin na ranar ba. Aka jingine kujeru a bango, aka shimfiɗa darduma da barguna, takalma suka cika matakala har maƙwabciyarsa Baturiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Ga likitoci, ga direbobin tasi 'yan Nijar, ga ma'aikatan jinya 'yan Filato da suka zo kai tsaye daga asibiti ba su ko canza kaya ba. Wani ya ce Kawu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan, ya cire rigar sanyinsa ya ba shi. Wata ta ce shi ya gyara mata takardar kammala karatu, ya hana ta ko godiya. Ɗansa na fari yana tsaye bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa, ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, idanunsa jawur.

Sai amininsa, Alhajin da suka zo Amurka tare tun suna samari, ya share hawaye da hularsa ya ce, "Mutumin kirki ne, wallahi. Sai dai an yi asarar ilimi. Mutum ya san Hausa kamar shi ya haife ta, amma ya tafi bai bar mana ko littafi ɗaya ba. Ya ƙare rayuwarsa a kan yaren wasu."

Maza suka gyaɗa kai. Ni ina riƙe da farantin shayi, kuma Allah ya sani na so in dire shi da ƙarfi. Kafin in yi abin kunya, muryar Hajiya, matar Kawu, ta fito daga ɗakin da take zaune cikin mata.

"Alhaji, a yi masa addu'a kawai."

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, maganar da Alhaji ya faɗa ai ta Hajiya ce. Shekara da shekaru tana faɗa wa Kawu ita a gaban kowa. Ni na san abin da ya sa ta daina, domin ina wurin. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a tuna da shi a matsayin mutumin kirkin da ya ɓata iliminsa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da na zo karatun jinya, a gidansa na sauka, a wani ɗan ɗaki da na raba da kwalayen takalma jere har rufi. Na ɗauka Hajiya ke sayar da takalma. Da na buɗe ɗaya sai na ga 'yan katuna cunkus, kowanne da kalma guda da ban iya ko karantawa ba. Kawu ya same ni a haka, ya yi dariya ya ce, "Uwata, kin shiga ƙamus ba sallama."

Ƙamus ne na harshen Ojibwe. Su Ojibwe suna cikin mutanen asali na ƙasar nan, waɗanda Turawa suka tarar, kuma suna zaune can arewa a gefen manyan tafkuna, wajen iyaka da Kanada. Yadda Bazazzage irin Kawu ya faɗa cikin yarensu, shi kansa yakan ce ƙaddara ce ta bi ta kunne. Ya zo jami'ar College Park ne don nazarin sautin harsuna, da niyyar rubutu a kan Hausa. Wata rana malaminsu ya kunna musu kaset na wata tsohuwa ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji. 'Yan ajin suka kasa bambance inda ta ja wasali da inda ta taƙaita shi. Shi kuwa abin bai ba shi wuya ba, tunda ya tashi da harshen da gashi na kai da gashi na nama ba ɗaya ba ne a kunne. Malamin ya tura shi arewa a hutun nan ya ga tsohuwar. Daga nan bai sake dawowa daidai ba, in ji Hajiya.

Tsohuwar nan ita muka sani da Kaka a gidan. Ban taɓa ganinta ba sai a hoto, 'yar ƙarama cikin ƙaton bargo, amma muryarta na san ta kamar ta dangi. Aikin da Kawu yake ci da shi a wani ofishin gwamnati ne a Washington, inda yake tsara littattafai. Ƙamus kuwa aikin bayan la'asar ne da ranakun hutu. Zai kunna rikoda, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kunnawa, kalma ɗaya sai ya saurare ta har mu da ke kicin mu haddace. In wasalin dogo ne ya rubuta harafin sau biyu, in gajere ne sau ɗaya. A bayan katin kuma ya rubuta bakin da kalmar ta fito, domin a cewarsa kalmar da ba a san mai ita ba marainiya ce.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, su ba su da ƙamus ne sai kai?"

Ya ce, "Suna da shi, Uwata, masu kyau ma. Amma yaren nasu kamar namu ne, na Sakkwato daban, na Kano daban. Akwai yankin da suke haɗiye gajeren wasali, kalma ta tsuke. A ƙauyen Kaka ba sa yar da ko ɗaya. In ka ba yaran ƙauyen littafin wani yanki, za su koyi yaren, amma ba za su ji kakarsu a ciki ba."

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Kawu yakan ƙara da cewa ya girmi alƙalami ma. Ba a fita da shi a dawo da wuri. A kantin kayan Afirka na Hyattsville sai ya tsayar da mai kantin, wata 'yar Gana, ya ce don Allah ta maimaita abin da ta faɗa wa ɗanta, ni kuwa ina tsaye da daskararren kifi yana narkewa a hannuna. Ko a masallaci, in limami ya ja madda fiye da kima, za ka ga yatsan Kawu yana motsi a kan gwiwarsa.

A Hyattsville ɗin ne Alhaji ya kama shi yana sayen garin taba. Kafin Juma'a labari ya zaga cewa Malam ya fara busa. Alhaji ya zo gida musamman, ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Malam, tsufa ya zo, wannan ba girmanka ba ne."

Kawu ya ce, "In za ka je wurin dattijo neman wani abu a gida, hannu sake kake zuwa?"

"A'a, da goro."

"To su taba ce goronsu. Ba ka tambayar tsoho ilimi sai ka miƙa masa ita. Na taɓa kai wa Kaka goro, ta ɓantara, ta tofar, ta ce lallai mutanenmu masu haƙuri ne."

Alhaji bai yi dariya ba, domin akwai abin da ya fi tabar damunsa, wato maganar dusar ƙanƙara. Ga yadda take. Mutanen Kaka suna da wasu tsofaffin labarai da ba a bayar da su sai lokacin sanyi, sa'ad da dusar ƙanƙara ta kwanta a ƙasa. Yara ana tsorata su da cewa wanda ya bayar da su ba lokacinsu ba, kwaɗo zai hau masa gado. Kuma a cikin labaran nan ne tsofaffin kalmomi suka ɓuya, waɗanda ba a ƙara jin su a hirar yau da kullum. Kawu ya daɗe yana roƙo kafin Kaka ta yarda ya ɗauke su a kaset. Sharaɗinta ɗaya ne. Ba zai kunna su ba, ba zai ba wa kowa labarin ba, sai yana inda ƙanƙara take kwance a ƙasa. Ya ce ya ɗauka.

Alhaji ya ce, "Wannan ai camfi ne, Malam. Kai da iliminka na addini?"

Kawu ya ce, "Ban ce maka na yi imani da kwaɗo ba. Kakarmu ta gida ma ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa, ka taɓa ganin wanda ya ɓata? Ni alkawari na ɗauka, kuma ban ga inda aka ce alkawarin da ka yi wa wanda ba Musulmi ba ya fi sauƙin nauyi ba."

Wanda ya san Maryland ya san wahalar da Kawu ya ɗora wa kansa. Nan ba arewa ba ce. Ƙanƙara takan zo ta kwana biyu ta narke, wata shekarar ma leƙowa kawai take yi. Ranar da aka ce za ta sauka, gari ya rikice, a rufe makarantu, mutane su wawashe burodi da madara a kanti, babbar hanyar Beltway ta tsaya cik. Kawu shi kaɗai ke murna kamar manomi ranar ruwan fari. Zai tsaya a taga yana duban ciyawa, domin wadda ke faɗowa ba ta ishe shi ba, sai wadda ta kwanta. Da ta rufe ƙasa zai ɗauko kwalin kaset ɗin sanyi, ya shige ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Da ciyawa ta fara bayyana kuwa sai ya kashe rikoda, ko da Kaka tana tsakiyar magana.

Ba zan ce Hajiya ba ta da gaskiya ba. Duk hutun ƙarshen shekara, lokacin da mutane ke kai 'ya'yansu gida su ga dangi, Kawu arewa yake nufa. Yaran suka tashi suna jin Hausa amma ba sa mayarwa. Faɗa mafi zafi da na gani tsakaninsu a kan haka ne, ranar da autarsu ta kasa gaisar da kakarta ta waya, ta miƙa wa uwar wayar ta gudu.

Hajiya ta ce, "Kana can kana ceton yaren wasu, naka yana mutuwa a tsakar ɗakinka."

Kawu ya ce, "Hajiya, Hausa gidan yawa ce. In na faɗi, wani zai ɗauka. Ita Kaka in ta faɗi, babu mai ɗauka."

"Su 'ya'yanka wa zai ɗauke su?"

Ban ji ya taɓa samun amsar wannan ba har ya koma ga Allah. Ya dai tashi ya wanke kwanuka, abin da yakan yi ke nan in an kayar da shi.

Kaka ta rasu da tsufa sosai. A sanyinta na ƙarshe ta kira shi ta ba shi labaran da ta rage, ba haƙori a bakinta, muryar tana rawa. Jikarta, wadda ta koyi yaren da girmanta kuma take koyar da shi a makarantar ƙauyen, ita ta karɓi ragamar buga ƙamus ɗin. An gama komai sai wani ɗan dami na katuna, kalmomin da suka fito daga kaset ɗin ƙarshe, waɗanda Kawu bai tabbatar da tsayin wasulansu ba. Jikar ta gwada saurare a can, ta ce kunnenta da Turanci ya tashi, ba ta amince da shi a kan muryar da ta tsufa haka ba. Kalmomin nan ba wanda ya rage da ke faɗar su. In Kawu bai tantance su ba, ko dai a bar su a waje, ko a koya wa yara su a karkace.

Ana cikin haka aka gano ciwon daji a jikinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, da na ga sunan maganin da za a riƙa ɗura masa, na san yana lalata kunne. Na faɗa masa. Ya ce, "To, sai mu yi fatan ƙanƙara ta riga shi."

Ba ta zo ba. Sanyin nan duka, sau ɗaya ta yi yayyafi, ta narke tun ba ta taɓa ƙasa ba. Kawu yana zaune a taga cikin bargo, kullum sai an ƙara ɗaga murya kafin ya ji. Ɗansa ya ce a ba shi kaset ɗin ya zuba su a kwamfuta ya tace muryar, Kawu ya ce ba a zubawa sai an kunna. Jikar Kaka da kanta ta bugo waya tana kuka, ta ce ta yafe, ta tabbata kakarta ma za ta yafe. Ya yi mata godiya da yarensu, sannan ya ce, "Ba ke na yi wa alkawarin ba, 'yata."

Ni ce na fi kowa rashin haƙuri. Wata safiya na ja labule na rufe tagar, na ajiye rikoda a cinyarsa, na ce, "Kawu, don girman Allah ka kunna. Wa zai sani? Kunnenka tafiya yake yi, kana kallon ciyawa!"

Ya ce, "Uwata, buɗe labulen. Amana ba ta san labule ba."

Na buɗe, na shiga banɗaki na yi kukana. Na ji haushinsa ranar, haushi na gaske, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Da sanyi ya zo ƙarshe likitoci suka dakatar da maganin, suka ce a kai shi gida ya huta. Kowa ya san ma'anar wannan. Kwana kaɗan bayan haka ina shirin fita aiki, Hajiya ta kira ni gaban talabijin. Ana nuna taswirar yanayi, ta sa yatsa a can ƙuryar yammacin Maryland, wajen duwatsu, inda aka shafa fari.

"Wannan farin mene ne?"

"Ƙanƙara ce, Hajiya."

"A kwance?"

"A kwance."

"Kira wurin aikinki ki ce ba za ki zo ba. Ɗauko mota."

Na ce likita ya hana shi doguwar tafiya. Ta dube ni ta ce, "Likitan ya ce in ya zauna zai warke?" Muka naɗe shi da barguna, muka sa tukunyar iskar numfashinsa a bayan mota, Hajiya ta zauna kusa da shi da kwalin kaset a cinyarta, kwalin da ta sha cewa wata rana sai ta zuba shi a shara.

Tafiyar rabin yini ce. Muka bar Beltway, gari ya ƙare, hanya ta fara hawa. Bayan azahar muka fara ganin fari-fari a gindin itatuwa, can gaba kuma ƙasa ta rufe gaba ɗaya. Na tsaya a wani wurin hutawar matafiya a bakin daji, babu kowa. Kawu ya ce in buɗe ƙofa. Na damƙo ƙanƙarar na sa masa a tafin hannu, ya murza ta, ya yi bismilla, ya saƙala abin sauraro a kunne, ya danna.

Muna kallon fuskarsa. Ya ƙara murya. Ya sake ƙarawa, har ni da ke gaba ina jin Kaka tana magana. Can ya cire ya ce, "Uwata, duba batirin nan."

Batiri lafiyarsa lau, kuma ya gane haka daga fuskata.

Ya ce, "Ina jin ta kamar daga bayan bango. Amma ban san inda ta ja ba."

Mutum ya jira sanyi guda, ya zo har inda ake nema, ya tarar abin da zai ɗiba da shi ya tsiyaye a hanya. Ya ɗora hannu a kan katunan, ya ce mu juya gida.

Hajiya ta karɓe abin sauraron daga hannunsa. Ta tura ɗankwalinta baya, ta saƙala, ta ce, "Wace kalmar kake nema?"

Ya dube ta kamar bai fahimta ba.

"Malam, sanyi nake ji. Faɗi kalmar."

Ya karanta ta farko daga kati. Na mayar da kaset baya, na kunna. Hajiya ta rufe ido tana saurare, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma kunnen Bahaushiya ne. Da ta ji ta wuce sai ta ɗaga hannu in tsayar, ta kai bakinta kunnensa na dama, wanda ya fi dama-dama, ta faɗe ta da ƙarfi yadda tsohuwar ta faɗa. Ya ce ta sake yana kallon leɓenta. Ta sake.

Ta ce, "A tsakiya ta ja, kamar mai kiran yaro daga nesa."

"Kin tabbata?"

"Na ce maka ta ja! Kai ne kurman ko ni?"

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in rubuta, harafin tsakiya sau biyu. Haka muka yi ta yi, ni ina juya kaset ina rubutu, Hajiya tana ɗaukowa daga bakin Kaka tana zuba masa a kunne, shi yana yanke hukunci. Gilashin mota ya yi gumi. Muka tsaya ya yi la'asar a zaune, muka ci gaba. Akwai 'yan kalmomin da tarin Kaka ya rufe, Hajiya ta ce ita dai ba ta ji ba. Na ce mu cika da abin da ya fi kama. Ya ce a'a, in rubuta cewa ba a ji ba, mai ƙamus ba ya cika rami da zato. Kafin rana ta yi ja, katin ƙarshe ya koma cikin kwali.

Muka kamo hanyar gida. Ya jingina kansa a kafaɗarta, abin da ban taɓa gani ba tsawon zamana da su, na kawar da idona daga madubi. Hanya tana gangarowa, farin yana raguwa, har ya zama sai busasshiyar ciyawa hagu da dama. Can sai Hajiya ta sunkuya wajen kunnensa, muryarta ta dishe saboda ihun da ta sha.

"Malam, wai duk abin nan da na yi ta faɗa, labarin mene ne? Akwai inda tsohuwar take dariya. Me ya ba ta dariya?"

Ya ɗago kai a hankali ya dubi waje. Ya duba gefen nan, ya duba wancan. Na ga yana so ya faɗa mata, wallahi na gani, domin shekaru nawa yana jiran ranar da za ta tambaya.

Ya ce, "Mun sauko, Hajiya. Sai baɗi."

Ta gyara masa bargo ta ce, "Allah ya kai mu."

Bai kai ba. Allah ya yi masa rahama, ya yalwata makwancinsa, ya tashe shi cikin masu cika alkawari.